Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Gaggawa, Man Girki da Lafiyarmu

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru. Ranku ya daɗe malamanmu, yau ɗalibi ne zai tsaya gaban allo ku kuna zaune. In kun ga wurin gyara, dama jan biro yana hannunku.

GABATARWA

An nemi in yi magana a kan lafiya. To, fagen yana da faɗi, saboda haka na tsakuro abu biyu waɗanda kowannenmu yake da iko a kansu, wato yadda muke tafiyar da yininmu, da irin man da ke shiga tukunyar gidajenmu. Dalilina shi ne, duk shekara idan Sakatare ya tashi karanta sunayen 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama, bayanin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: wane hawan jini, wane shanyewar ɓarin jiki, wane kuwa lafiya lau aka rabu da shi, ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Kowa da ranarsa, wannan babu ja. Amma kuma tun muna yara aka koya mana cewa rigakafi ya fi magani.

Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kisa a duniya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Haka kuma a 2004 an buga sakamakon wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster da ke Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52, har da wasu na Afirka. An gano cewa abubuwa tara ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko. Daga cikinsu akwai shan taba, da hawan jini, da ciwon suga, da tumbi, da rashin motsa jiki, da lalacewar kitsen cikin jini, da kuma damuwa. Ku lura da biyun ƙarshe, domin a kansu zan tsaya.

ABIN DA GAGGAWA KE YI WA JIKI

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. Idan mutum ya ga maciji a gabansa, nan take jiki zai saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zuba suga cikin jini, narkewar abinci ta dakata, duk domin mutum ya sami ƙarfin gudu. Da haɗarin ya wuce sai komai ya koma daidai. Matsalarmu a yau ita ce macijin ba ya wucewa. Cunkoson motoci da safe, kuɗin makarantar yara, bashi, taron ofis, ga wayar hannu da ba ta barin mutum ya huta ko da tsakar dare. Jiki ba ya bambance wannan da wancan, sai ya zauna cikin shirin gudu wata da watanni. Sannu a hankali sai jini ya hau ya ƙi sauka, barci ya ƙaurace, tumbi ya fito, mutum ya riƙa jin kwaɗayin maiƙo da zaƙi.

A nan ina so in tuna mana da ƙararrawar makarantar nan. A wancan lokaci muna ganin ta a matsayin abokiyar gaba. Amma ku duba tsarin da ta ɗora mu a kai: tashi da asuba, cin abinci sau uku a kan lokaci kuma a zaune, hutun rana bayan an tashi daga aji, fita filin wasa da la'asar, karatun dare, sannan a kashe fitila kowa ya kwanta. Abin da likitocin zuciya ke roƙon masu shekarunmu su yi a yau ke nan, kusan babu ragi. Masana sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye a kowane dare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce a motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar ta kai ma'auni. Malamanmu sun ba mu wannan kyauta, da bulala a hannu in ta kama. Allah Ya saka muku da alheri. Da muka fita muka zama manya, sai muka yar da ƙararrawar, ba mu kuwa sami abin da ya maye gurbinta ba.

INDA GAGGAWA TA HAƊU DA KASKO

Wani zai ce, me ya haɗa gaggawa da man girki? Ai kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Mai sauri ba ya zaɓen abinci, abin da ya fi kusa da hannunsa shi yake ci, kuma abin da ya fi saurin nuna shi ne abin da aka tsoma cikin tafasasshen mai. Da safe ƙosai ko fanke a cikin mota, da rana soyayyar doya ko cincin da lemon kwalba a kan tebur, da dare a tsaya wurin mai shayi a soya ƙwai da taliya, a shafe burodi da bota. Dafa wake, ko gyara zogale, ko tuƙa tuwon dawa, duk suna son lokaci, shi ya sa suka fara ɓacewa daga gidajen 'yan boko.

Bugu da ƙari, yadda ake cin ma yana da tasiri. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya tashi daga ciki ya isa ƙwaƙwalwa. Wanda ya share kwano cikin minti biyar, kafin saƙon ya iso ya riga ya nemi ƙari.

Wannan damuwa ba mu kaɗai ta dama ba. A 1986 da kamfanin McDonald's ya buɗe shago a wani shahararren dandali a birnin Rum, wani ɗan jarida ɗan Italiya mai suna Carlo Petrini da abokansa suka nuna rashin yarda. Daga nan aka haifi ƙungiyar Slow Food, ma'ana cin abinci a tsanake, wadda aka ƙaddamar a matsayin ta duniya a birnin Faris a 1989, kuma ta ɗauki dodon-koɗi a matsayin tambarinta. Kiranta shi ne mutane su koma ga abincin ƙasarsu, su dafa da kansu, su zauna su ci tare. A 2022 wani ɗan Afirka, Edward Mukiibi na ƙasar Yuganda, ya karɓi shugabancinta. Abin da Turawa suka kafa wa ƙungiya, mu a gidan iyayenmu muka tashi muka tarar da shi: a shimfiɗa tabarma, a kewaye akushi.

MAI BA ABOKIN GABA BA NE

Kada wani ya koma gida ya ce an hana cin mai. Jiki yana bukatarsa. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa wasu sinadaran jiki, kuma bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo. Don haka ɗan man da ake zubawa a kwaɗon zogale ko rama yana da aikin yi. Ƙananan yara kuwa, musamman 'yan ƙasa da shekara biyu, ba a rage musu mai, domin girmansu yana bukatarsa. Maganar a kan abu uku take: wane iri, nawa, kuma yaya aka sarrafa shi.

Mu fara da iri. Kitse kashi uku ne. Na farko shi ne mai daskarewa, wanda za ku ga ya yi kauri ko ya sandare da sanyin hunturu. Shi ne ya fi yawa a kitsen nama, da man shanu, da man kwakwa, da man alayyadi. Yawan cinsa yana ɗaga mugun kolestarol, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyin jini kamar yadda datti ke toshe magudanar ruwa, har wata rana hanyar ta rufe. In ta rufe a zuciya, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Na biyu shi ne marar daskarewa, wanda ya fi yawa a man gyaɗa, da man riɗi, da man waken soya, da man zaitun, da fiya, da kuma kifi. Idan aka sa wannan a madadin na farko, mugun kolestarol yakan sauka. A ƙasar Sifen an yi gwaji da mutum fiye da 7,000 masu haɗarin ciwon zuciya, aka buga sakamakon a 2013, aka sake tantance shi a 2018. Waɗanda aka ɗora a kan abincin gargajiyar yankin tare da man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu maiƙo sun sami ragin kusan kashi 30 cikin 100 na bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta wannan hanya.

Na san wani zai ce man zaitun sai mai hannu da shuni. Gaskiya ne. Amma albishirinku, nau'in kitsen da ya fi yawa a man zaitun shi ne kuma ya fi yawa a man gyaɗa, kusan rabinsa. Kitse mai daskarewa a man gyaɗa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, a man riɗi ma bai kai haka ba. Ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano har duniya ta san da ita, bai kamata ta rasa man kirki a tukunya ba. Sai dai a kula da gyaɗar da ta yi fumfuna. Tana ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin wadda ke jawo ciwon dajin hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta canza launi ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita.

To, ina matsayin manja? Yana tsakiya. Kusan rabinsa mai daskarewa ne, amma jan da ke jikinsa sinadari ne da jiki ke juyawa ya zama bitamin A mai kare ido. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe. Wanda ya yi haka ya ƙone amfanin ya bar wa kansa kitsen. A zuba shi kaɗan, a wuta marar ƙarfi. Man shanu kuma, fiye da rabinsa mai daskarewa ne. Ban ce a raba Bahaushe da man shanu a kan tuwo da miyar kuka ba, kada a kore ni daga zauren nan. Ƙamshi ake nema, kuma ƙaramin cokali ya isa ya kawo shi. Makiyayin da ke yini yana tafiya bayan shanu yana ƙone abin da ya ci. Wanda ke yini a kujera mai juyawa lissafinsa daban ne.

Kashi na uku shi ne mafi sharri, ana kiran sa kitsen tirans. Yawancinsa a masana'anta ake yin sa, inda ake cusa wa man ruwa iskar haidirojin domin ya daskare ya daɗe bai lalace ba. An fara wannan sana'a tun farkon ƙarni na 20, aka riƙa sa shi cikin wasu nau'o'in bota, da biskit, da kek, da kayan toye-toye. A 1990 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Mensink da Katan, suka nuna cewa yana ɗaga mugun kolestarol, ya kuma saukar da mai kyau. Denmak ce ta fara taka masa birki da doka a 2003. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abincin duniya baki ɗaya. A nan gida Nijeriya, hukumar NAFDAC ta tsara doka a 2022, wadda aka fitar a hukumance a 2023, da ta ƙayyade kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Doka ta yi nata, saura mu. Mu riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, mu duba lambar rajista, mu guji man da aka ɗura a jarkar da babu suna babu adireshi. Man da aka ƙara wa bitamin A, kamar yadda doka ta wajabta tun 2002, yana ɗauke da tambarin ido.

Ɗan uwan wannan shi ne man da aka yi ta maimaita suya da shi. Duk lokacin da mai ya tafasa ya huce, ya sake tafasa, yana rugujewa ya haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. Alamominsa a fili suke: ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, yana saurin hayaƙi, yana wari. Mai tuyar bakin titi neman halalinta take yi, kuma tsadar mai ce ke sa ta ƙara sabo a kan tsoho. Amma wanda ya mayar da kaskonta wurin karin kumallonsa kullum, shekara da shekaru, shi zai biya kuɗin a asibiti.

Sai maganar nawa. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin da ke cikin nama 4 ne. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai, har da mafi kyawunsa, kalori kusan 120 ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da baligi ke samu daga abinci, mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Ga mai cin kalori 2,000 a yini, wannan kimanin babban cokali biyar ne gaba ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin nama da gyaɗa da nono. Cokali uku na manja kaɗai sun kusa cinye rabon mai daskarewa na yini guda. Yanzu kowa ya tuna miyar da ake kawo masa, wadda mai ke kwance a kanta har mutum ya ga fuskarsa.

AN GWADA AN GANI

Domin kada a ce zance ne kawai, ga misalin wata al'umma da ta canza. A ƙarshen shekarun 1960, mazan lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya. Mutane ne masu kiwon shanu, masu son bota da gishiri da taba. A 1972 aka fara wani shiri a ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Aka shiga ƙauyuka, aka haɗa kai da ƙungiyoyin matan gida da makarantu da masu shaguna, aka rinjayi jama'a su sauya bota da man tsirrai, su rage gishiri, su bar taba, su ƙara ganye. Cikin kimanin shekara 40 mutuwar magidanta masu shekarun aiki ta hanyar ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma kaso mafi girma na wannan nasara daga canjin ɗabi'a ya zo. Abin lura, da ƙungiyoyi aka yi aikin, irin tamu ɗin nan.

SHAWARWARI

Ga abin da nake roƙon kowannenmu ya ɗauka ya tafi da shi gida.

Na ɗaya, mu zauna mu ci abinci aƙalla sau ɗaya a yini tare da iyali, waya tana nesa, mu ba shi minti 20.

Na biyu, mu mayar da ƙararrawa: lokacin kwanciya ya zama sananne, haka lokacin tattaki. Wanda masallaci ko kasuwa ke kusa da shi, ya bar mota ta huta.

Na uku, uwargida ce ke riƙe da ludayi, amma mu ke yin cefane, kuma mu ne ke ɓata rai in miya ba ta yi maiƙo ba. Mu zauna da su a yi shawara. A riƙa auna mai da cokali maimakon a tuntsura kwalba. Man gyaɗa ko na riɗi ko na soya ya zama na yau da kullum, manja da man shanu su zama na ɗanɗano.

Na huɗu, a rage suya, a ƙara dafuwa da gashi da turarawa. Alale da ƙosai duk daga wake suke, amma ɗaya bai yi wanka a kasko ba. Ɗanwake, da dambu, da fate, da farfesun kifi, duk namu ne. In an je wurin mai tsire ko balangu a ce ya rage kitse. A ci kifi sau biyu a mako in da hali, musamman mai maiƙo irin sadin da kifin ƙanƙara da ake kira taitus, domin man da ke jikinsu yana taimakon zuciya.

Na biyar, a kula da gishiri da dunƙulen miya. Abin da aka yarda wa baligi bai kai giram 5 a yini ba, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Na shida, kowa ya san lambarsa. A auna jini, in ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a ga likita. A auna suga da kolestarol. Wanda kuma aka riga aka ɗora a kan magani, kada ya ce ya gyara abinci ya ajiye ƙwaya. Sai da izinin likitansa.

Ga uwar ƙungiya kuma ina da roƙo biyu. Muna da likitoci da ma'aikatan jinya a cikinmu, me zai hana a ajiye tebur a bakin ƙofa a kowane taro, duk wanda ya zo a auna shi kafin ya zauna, a fara da malamanmu? Sannan a cikin ayyukan da muke yi wa makaranta, bayan fenti da kujeru, mu leƙa ɗakin girki mu ga irin man da ake dafa wa ƙannenmu da 'ya'yanmu abinci da shi, domin toshewar jijiya tun daga ƙuruciya take farawa.

KAMMALAWA

'Yan uwa, yawancinmu mun ba hamsin baya. Akwai 'ya'yan da ba su gama karatu ba, akwai iyaye tsofaffi, akwai marayun abokanmu da ke duban hannunmu. Duk waɗannan amana ce, kuma ba a sauke ta daga gadon asibiti. Babu wanda zai canza komai a dare ɗaya, ba a kuma bukatar haka. A ɗauki abu ɗaya a wannan wata, in ya zauna a ƙara wani. Hanyar lafiya, in ji magabata, a bi ta da shekara.

Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.